Batsar Talaka, Ƙawar Mai Kuɗi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan bokon Kano duk sa'ad da hira ta gangaro kan finafinan Indiya. Cewa ake yi na da, na zamanin Dharmendra da Hema Malini, su ne masu kunya da mutunci. Na Mumbai na yanzu kuwa, ko da an rage tufafi, akwai aji a cikinsu, akwai tsari, ido yana hutawa. Amma waɗannan na Kudancin Indiya, na Tamil da Telugu, da ake juyawa zuwa Hausa ana tura wa 'yan dako a waya, ba abin da ke cikinsu sai duka da ihu da batsa. Mai maganar ya yamutsa fuska, masu sauraro su gyaɗa kai, a shiga wani zancen.

Bai kamata a shiga wani zancen ba. Wannan hukunci yana sanye da rigar tarbiyya, amma in ka ɗaga rigar, ƙyamar talaka za ka tarar, da ƙyamar abin da talaka ke so. Abin da muke kira ƙawa a fim ɗin Mumbai da abin da muke kira batsa a fim ɗin Chennai, sau da yawa abu ɗaya ne. Abin da ya raba su tsadar yadi ce da hasken fitila da farin fatar wadda aka tsayar a gaban kyamara. Kuma ɓarnar ba ta tsayawa a wurin hira. Da wannan ma'auni muke yi wa masana'antar fim ɗinmu hukunci, da shi muke korar 'yan wasa, da shi kuma muke buɗe wa abin da ya fi cutarwa ƙofa ya shige har ƙuryar ɗaki.

Mu fara daga inda finafinan ke sauka. Kasuwar Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kan hanyar Katsina, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. A gefen rumbunan riɗi da waken suya da zoɓo akwai wata ƙaramar sana'a da ba a lissafa ta cikin arzikin kasuwar: rumfunan cajin waya da na masu tura finafinai. Ɗan dako ya gama sauke tirela, ya miƙa wayarsa ko memorinsa, a zuba masa fassara uku ko huɗu da kuɗin da bai kai na abincin rana ba. Daga nan fim ya hau babur ya nufi Kwa da Tumfafi da Tattarawa da Marke. Da dare a dandali samari biyar su haɗa kai a kan waya ɗaya. Da hantsi matar gida ta jingina wayar a jikin turmi, yara sun yi mata zobe. Babu tikiti, babu mai tsaron ƙofa da zai ce wa yaro koma gida. Saboda haka tambayar mene ne batsa ta wuce musun masu shan shayi. Ta shafi abin da 'yar shekara tara ke koya game da yadda ake neman mace, da abin da yayanta ke koya game da ma'anar kalmar a'a.

Soyayyarmu da fim ɗin Indiya tsohuwa ce. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanan masu gidajen sinima suka fara shigo da su Arewa, kuma cikin ɗan lokaci suka danne na Amurka da na Ingila a zukatan masu kallo. Muka raɗa wa jarumansu sunaye kamar 'yan unguwarmu: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa muka kira shi Mace. Masu bege da bandiri suka ari karin waƙoƙinsu suka ɗora yabon Annabi a kai. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya buga sakamakonsa a 1997, da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, sun bayyana dalilin: Bahaushe ya ga auren dole da biyayyar iyaye da surukuta da talauci irin nasa a wata duniya da ba ta Turawa ba. Mother India, na 1957, labarin manomiya ne da mai ba da bashi da ruwa ya shaƙe ta, ta ja garma da kafaɗarta don ta ciyar da 'ya'yanta. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano, inda gona ba ta hutawa ko shekara guda, bai buƙaci tafinta ba.

Har nan gaskiya ce. Inda masu begen da suka kauce shi ne wajen mantuwar da suka zaɓa wa kansu. A wancan zamanin mai albarka ne Helen ta shafe shekaru tana rawar gidan giya a ɗaruruwan finafinan Hindi, har da Sholay na 1975 da dattawanmu suka haddace. A zamanin ne Raj Kapoor ya fitar da Zeenat Aman kusan tsirara a Satyam Shivam Sundaram a 1978, ya kuma tsayar da Mandakini ƙarƙashin ruwa cikin farin ƙyalle shara-shara a Ram Teri Ganga Maili a 1985. A 1993 wata waƙa ta Khalnayak, fim ɗin Ɗan Daba Mai Lasin da Madhuri Dixit, ta tayar da ƙura saboda habaicinta ga ƙirjin mace, har gidajen rediyo da talabijin na gwamnatin Indiya suka ƙi sa ta. Duk waɗannan Hindi ne, duk daga Mumbai, kuma duk an yi su kafin a haifi yawancin masu tura finafinai na Dawanau. Abin da ya sa ba mu kira su batsa ba shi ne ba mu jin harshen. Kalmomin sun wuce ta saman kanmu, kiɗan ya zauna. Laifin mai fassara na yau shi ne ya sa mun ji da kunnenmu abin da iyayenmu suka yi shekara arba'in suna rausaya kai a kansa.

Tsohon fim ɗin Hindi yana da wata dabara da ta dace da munafuncin ɗan Adam. Yakan raba mace gida biyu: ga ta gari mai lulluɓi wadda za a aura, ga 'yar rawa mai sigari wadda za a kalla. Mai kallo ya more wa ta biyun da idonsa, kafin a tashi harsashi ya same ta ko ta tuba, ya koma gida yana jin cewa darasi ya ɗauko. Daga shekarun 1990 aka daina wahalar rabawa, manyan jarumai mata suka karɓi aikin da kansu. Sunan da masana'antar ta raɗa wa irin wannan waƙa ya isa shaida: aitam, wato haja, abin da ake jerawa a kanta a sa masa farashi. Mace ce da labarin bai san da ita ba, ta faɗo daga sama tsakiyar maza ɗari, a yi minti biyar kyamara na yanka jikinta gunduwa-gunduwa, sannan ta ɓace ba wanda ya tambayi sunanta. Mumbai na yin wannan, Chennai na yi, Hyderabad na yi. Wadda aka yi a Pushpa na Telugu a 2021 da wadda aka yi a Jailer na Tamil a 2023 ba su da wani bambanci na asali da waɗanda Mumbai ke fitarwa kowace shekara.

Abin da ya kamata ya ba ɗan boko kunya shi ne wannan raini ma aro ya yi. A Indiya kanta haka 'yan gayun Mumbai da Delhi suka daɗe suna kallon Kudu: baƙaƙen mutane masu gashin baki da son mata masu jiki, waɗanda kyamararsu ba ta san ko'ina ba sai cibiya. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Daraktan Telugu K. Raghavendra Rao ya yi suna wajen jifan cibiyar jarumai mata da furanni da 'ya'yan itace, har Taapsee Pannu ta yi masa ba'a a 2017 kan ɓarin kwakwar da aka jefe ta da shi a fim ɗinta na farko, daga baya aka matsa mata ta nemi afuwa. Wannan batsa ce, ba na neman mata wani suna. To amma shi wannan darakta shi ne ya yi Himmatwala a 1983, fim ɗin Hindi da ya ɗaga Sridevi a Mumbai, kuma jaridun birnin suka yi ta yi mata laƙabi da cinyoyinta. Shekara huɗu bayan haka aka sa ta rawa cikin ruwan sama da shuɗin sari a Mr. India, a 1989 kuma Yash Chopra ya kai ta duwatsun Suwizalan cikin yadi mai santsi a Chandni, sai aka ce ga sarauniyar ƙawa. Mace ɗaya ce, jiki ɗaya ne. Kuɗin jirgi aka ƙara. Kada a manta kuma cewa ƙawar da Mumbai ke taƙama da ita, matan ƙasar Tamil ne suka gina rabinta: Vyjayanthimala da Waheeda Rehman da Hema Malini da Rekha da Sridevi duk can aka haife su.

Wanda yake son ya ga yadda wannan ma'auni ke cin mutum, ya dubi rayuwar Silk Smitha. An haife ta a 1960 a wani ƙauye na Andhra, a gidan da talauci ya fitar da ita daga makaranta tun tana ƙarama. Aka yi mata aure da ƙuruciya, ta gudu Madras, ta fara da shafa wa 'yan wasa hoda. Rol ɗin mai sayar da giya a fim ɗin Tamil mai suna Vandichakkaram shi ya ba ta sunan Silk, sunan kuma ya zame mata sarƙa. Cikin shekara goma sha bakwai ta fito a finafinai sama da 450 a harsunan Kudu da Hindi. Ta kai fim ɗin da ya yi kwantai akan liƙa masa rawarta guda ɗaya dillalai su saya. Ta iya wasa. Wanda ya ga Moondram Pirai na 1982, inda ta fito tare da Kamal Haasan da Sridevi, ya san haka. Amma baƙa ce, 'yar talakawa ce, ba ta da Turancin da za ta kare kanta a jarida. Mazan da suka cika sinima dominta su ne ba sa son a ambaci sunanta a gaban matansu. A watan Satumba na 1996 aka tsinci gawarta a gidanta a Chennai, tana da shekara 35.

Shekara goma sha biyar bayan rasuwarta Mumbai ta yi The Dirty Picture, wanda aka gina a kan rayuwarta da ta ire-irenta, aka sake shi ranar 2 ga Disamba 2011, ranar da ta dace da zagayowar haihuwarta. Vidya Balan, 'yar boko mai digiri na biyu da ta tashi a Mumbai, ta sa irin tufafin, ta yi irin rawar, ta yi irin kallon. Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa ta gwarzuwar 'yar wasa. Ba na jayayya da ƙwarewarta. Ina tambaya ne kawai: me ya sauya tsakanin rawar da ta jawo wa ɗaya tofin Allah-tsine da rawar da ta jawo wa ɗaya lambar gwamnati, in ba gidan da kowacce ta fito ba?

Kada mai karatu ya ɗauka Kudu nake wankewa. Munafuncin can ma ya ƙoshi, kuma ya fi kama da namu. Khushbu jaruma ce da masoyanta suka gina wa wurin bauta a Tiruchirappalli. A 2005 ta yi wata magana a mujalla game da 'yan mata da mu'amala kafin aure, aka maka ta ƙararraki sama da 20, sai a 2010 Kotun Ƙoli ta soke su. A Janairun 2008 Shriya Saran ta halarci bikin nasarar fim ɗin Sivaji da gajeriyar riga a gaban babban ministan jihar, Karunanidhi; wata ƙungiya ta kai ƙararta wurin 'yan sanda, ta fito ta ba da haƙuri. Ku riƙe sunan wannan fim, zan dawo kansa. Abin lura a nan, a duk lokutan biyu mace aka kama. Furodusan da ya zuba kuɗi da daraktan da ya nuna wa kyamara inda za ta tsaya da dubban da suka yi fito a sinima, ba wanda ya nemi afuwar kowa.

Wannan hoto ba baƙo ba ne a Kano. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya da ya buɗe ƙofar rawa da waƙa a ƙarshen shekarun, masana'antarmu a cinyar Indiya ta girma. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. A 2007 wani bidiyon waya na sirri ya fita, aka dakatar da harkar fim, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, aka ɗaure Adam A. Zango kan faifan waƙoƙinsa na Bahaushiya. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji, bayan malamai sun yi ca a kai. A Oktoban shekarar ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta riƙe hannun mawaƙi ClassiQ ta kuma rungume shi a bidiyon waƙa. Da ta fito a fim ɗin Hindi, Khuda Haafiz kashi na biyu, a 2022, da yawa cikin masu zaginta suka koma alfahari da cewa 'yarmu ta shiga Bollywood. A duk wannan tarihi ma'auninmu bai wuce biyu ba: kamu nawa ne yadin, kuma taku nawa ne tsakanin namiji da mace.

Addini ya yi hukunci a kan tsiraici, kuma ba ni da ja da wannan hukunci. Abin da nake cewa shi ne tsiraici ƙofa ɗaya ce daga ƙofofin batsa, mu kuwa mun tara dakaru a bakinta mun bar sauran a buɗe. Duk dillalin Dawanau ya san ba a sayen buhu da kyan bakinsa. Mai algus a sama yake zuba tsabar da ta fi kyau, shi ya sa mai saye ke soka ƙarfe a cikin buhun ya zaro daga tsakiya. Tsakiyar fim kuwa shi ne abin da yake yi da ɗan Adam. Batsa ita ce a rage mutum ya koma gaɓa ɗaya ta jikinsa, ko launinsa, ko talaucinsa, don wasu su yi sha'awa ko su yi dariya, sannan a gayyaci mai kallo ya shiga sahun masu dariyar. Ana iya yin haka da mace cikin bikini, ana kuma iya yi da mace cikin hijabi har ƙasa.

Ku soka ƙarfen a buhun soyayyar Indiya, Kudu da Arewa, ku ga abin da zai fito. Saurayi ya ga yarinya, ta ce ba ta so. Ya bi ta makaranta, ya bi ta tasha, ya tsaya ƙofar gidansu, ya kori mai nemanta da duka, ya yi barazanar kashe kansa. A ƙarshe ta gane cewa ashe so ne. A Darr na 1993 aƙalla an nuna mai wannan hali a matsayin mugu. Zuwa Raanjhanaa na 2013, fim ɗin Hindi da jarumin Tamil Dhanush ya ja, ya zama abin tausayi. A Yunin 2016 aka sassare wata matashiya ma'aikaciyar kamfanin kwamfuta da safe a tashar jirgin ƙasa ta Nungambakkam a Chennai, 'yan sanda suka ce wanda ya kashe ta ya daɗe yana bin ta. Mata suka rubuta koke suna roƙon masana'antar Tamil ta daina ƙawata wannan ɗabi'a. Wata huɗu bayan kisan aka saki Remo, inda jarumi ya yi shigar nas don ya kusanci likitar da aka riga aka yi wa baiko, kuma fim ɗin ya yi kasuwa. A 2015 a Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya, lauyan wani Ba'indiye da aka gurfanar kan bibiyar mata biyu ya kafa hujja da cewa finafinan ƙasarsu ne suka koya masa naci yana biya, kotu kuma ta sallame shi bisa sharaɗin kyakkyawan hali. A 2019 Kabir Singh, wanda Mumbai ta kwafo daga Arjun Reddy na Telugu, ya nuna likita yana marin budurwarsa, daraktan ya fito ya kare marin da cewa alamar so ce, fim ɗin ya shiga sahun waɗanda suka fi kawo kuɗi a shekarar. A mafi yawan waɗannan fitowa yarinyar a rufe take ruf. Da ma'aunin kamu, duk sun ci jarrabawa.

Na ce zan dawo kan Sivaji. A cikin wannan fim na 2007, Rajinikanth ya yi ta wanka da mayukan ƙara haske saboda yarinya ta kafa hujja da baƙinsa, aka kuma fito da 'yan mata biyu da aka shafa wa baƙi a fuska don a yi dariyar cewa wa zai aure su. Aka yi ƙarar rigar da jarumar ta sa a wurin biki. Wannan wulaƙanci ga duk wata baƙar yarinya da ta biya kuɗinta ta shiga kallo, shi bai kai gaban 'yan sanda ba. Masana'antar Tamil, a ƙasar da yawancin mutanenta baƙaƙe ne, ta daɗe tana ɗauko fararen jarumai mata daga Arewacin Indiya, har da Amy Jackson daga Ingila. Mu da muke ganin yadda man bilicin ke cin fatar 'yan matanmu, muke kuma ganin irin launin da ake zaɓa in za a ba da rol ɗin amarya da wanda ake zaɓa in za a ba da na 'yar aiki, ba mu da bakin yi musu dariya. Haka nan baƙauyen fim ɗin Hausa, da hularsa a karkace da bakinsa a buɗe, wanda bai san yadda ake buɗe ƙofar mota ba: manomin Jalli ko Gargari da ke kallon wannan a wayarsa, shi ake zagi, kuma babu dokar da ta kira abin da sunansa.

Sai tambayar da ɗan boko ba ya yi: me ɗan dako ke nema a fim ɗin Kudu? In rawa ce, tana ko'ina. Abin da Kudu ke da shi wanda Mumbai ta yar shi ne ƙasa. Bayan Indiya ta buɗe tattalin arzikinta a 1991, manyan finafinan Hindi suka koma bin masu kuɗin da ke zaune a Landan da Amurka. A Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001 da jirgi mai saukar ungulu ɗan gida ke dawowa gaida uwarsa. A Chennai kuwa aka ci gaba da yin Kaththi na 2014, kan kamfanin da ke ƙwace ruwa da gonakin ƙauye. Da Asuran na 2019, kan manomin da babban mutum ke neman 'yar gonarsa. Da Karnan na 2021, kan ƙauyen da aka hana ko tashar bas. Da Jai Bhim, shi ma na 2021, kan talakan da ya ɓace a hannun 'yan sanda. Mutumin da ke ganin gonakin bakin hanyar Katsina suna komawa fulotai ɗaya bayan ɗaya, wanda ya san abin da ake nufi da a kira mutum ofis a kan gonar gado, ya san abin da yake kallo. Masu fassara irin su Algaita sun ƙara masa da abin da ba a taɓa ba shi ba: jarumin ya buɗe baki ya yi Hausar bakin kasuwa. A wurina, nuna wa mai jin yunwa gidan da ke da matakala biyu da motoci goma ana kiran abin labarin iyali, ya fi kusa da rashin kunya a kan ihun manomin da aka zalunta.

(Af, lokaci ma yana wanke batsa kamar yadda kuɗi ke yi. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, a zamaninta akwai gidajen da ba a yarda a sa kaset ɗinta ba. Yau ana rubuta kundin digiri a kanta. 'Yan gambara kuwa ba daga Madras suka koyo sana'arsu ba.)

Za a ce ai hukuma ta fara duba labari. Haka ne, amma ta ina? A 2021, zamanin gwamna Abdullahi Umar Ganduje, wanda shi kansa ɗan ƙaramar hukumar Dawakin Tofa ne, hukumar ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallah ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba Al-Mustapha, aka hana nuna daba da daudu. A Mayun 2025 aka dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan rashin kai su tacewa. Nuna mugun abu daban, ƙawata shi daban, kuma dokar da ba ta rarrabe su ba tana kashe mai gargaɗi ta bar mai talla. Marubucin da ke son ya nuna yadda ɗan siyasa ke ɗaukar yaro ya ba shi ƙwaya da wuƙa, an ɗaure masa hannu. Wanda ke son ya nuna saurayi mai naci har yarinya ta sallama, hanyarsa a share take, in dai bai taɓa ta ba. Shi kuwa memorin ɗan dako, ba ya bi ta ofishin kowa.

Abin da zai yi aiki ba sabo ba ne. Indiya tana raba finafinai bisa shekarun mai kallo ƙarƙashin dokar 1952, a 2023 ma ta ƙara rarraba rukunin tsakiya zuwa shekara 7 da 13 da 16. Hukumar tace finafinai ta tarayya a Najeriya ita ma tana da irin wannan rabo. Matsalar ita ce alamar tana mutuwa a hanya: kafin fim ya iso Tumfafi an yanke farkonsa, kuma ko tana nan da Turanci take. To masu fassara suna da murya a cikin fim ɗin, da ita suke tallar sunan kamfaninsu. A zauna da su, su da ƙungiyoyin masu tura finafinai, a wajabta cewa wannan muryar ta faɗa da Hausa tun a minti na farko: wannan fim ba na yara ba ne, akwai kisa, akwai rawar da ba ta dace da su ba. A sa alamar a sunan fim ɗin yadda mai rumfa zai gani kafin ya tura. Uwar da ta jingina waya a jikin turmi ba ta karanta takardar hukuma, amma tana da kunne.

Akwai kuma batsar da ba ta fitowa a allo ko kaɗan. A 2017, bayan an sace wata jaruma an ci zarafinta a cikin mota a Kochi, gwamnatin Kerala, maƙwabciyar Tamil Nadu, ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohuwar alƙaliya K. Hema ya binciki halin da mata ke ciki a masana'antar fim ta jihar. Ya miƙa rahoto a Disamban 2019, aka danne shi har Agustan 2024. Da ya fito, ga abin da ke ciki: neman mata kafin a ba su aiki, aiki ba rubutacciyar yarjejeniya, wuraren ɗaukar fim da babu ko makewayi na mata. Shugabannin ƙungiyar 'yan wasa, har da Mohanlal, suka sauka gaba ɗaya. A Chennai, mawaƙiya Chinmayi Sripada ta fito da zarge-zarge kan wasu manya a 2018, ba a jima ba ƙungiyar masu ɗora murya ta cire ta. A nan gida, a Fabrairun 2022, dattijuwa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta a fim. Wasu manyan masana'antar suka musanta, cikin hayaniyar zargin neman mata kafin a ba su rol ya fito fili daga bakin 'yan cikin gida, sannan ƙura ta lafa. Gwamnatin Kano tana da ikon da Kerala ta yi amfani da shi. Ta naɗa alƙaliya mai ritaya, ta ba ta ɗaki mai ƙofa da alƙawarin sirri, ta kira matan Kannywood ɗaya bayan ɗaya, manya da masu tasowa da waɗanda suka bar sana'ar, a tambaye su nawa ake biyansu, wa ke sa hannu, a ina suke sauya tufafi, kuma me ake ce musu kafin a ba su rol. Rahoton kuma a buga shi da Hausa a shekarar da aka miƙa shi.